Wa Ke Ciyar da Mai Karaya Har Ya Koma Kan Keke?

A ranar 24 ga Janairun 2022, ɗan tseren keke na ƙasar Kolombiya, Egan Bernal, yana cikin atisaye ya afka wa bayan wata motar safa da ke tsaye a bakin hanya. Ya karye a ƙashin baya da cinya da gwiwa da haƙarƙari, huhunsa ma ya taɓu. Shi ne wanda ya ci gasar Tour de France a 2019 da ta Giro d'Italia a 2021. Cikin watan Agusta na shekarar haɗarin ya sake shiga tsere a Denmak, mutane suka yi ta yaba ƙarfin zuciyarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sai a Fabrairun 2025 ya sake cin wata gasa, ta zakaran ƙasarsa, kuma cikin wannan watan na Fabrairu ya sake faɗuwa ya karya ƙashin kafaɗa. Shekara uku ke nan, ga mutumin da ke da likitocin tiyata da masu gashin ƙashi da albashin da bai tsaya ba ko na wata guda. Ƙarfin zuciya na da nasa amfani, amma abin da ya fi ceton Bernal shi ne an saya masa lokaci.

Lokacin nan shi ne ke gagarar mai keke a garuruwa irin su Boko ko Kusada ko Kankiya. A nan keke abin neman abinci ne: da shi ake kai taki gona, da shi ake kai kaya kasuwar Charanci, da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 da yawa sun ajiye babur sun kakkaɓe tsohon kekensu. Suna kuma raba titin Kano zuwa Katsina da tireloli da motocin haya. Idan irin wannan magidanci ya karye, ƙashi ba ruwansa da cewa damina ta faɗi. Ƙashin kafaɗa na babban mutum kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, na cinya kuwa wata 3 zuwa 6. Da farko jini ne ke taruwa a wurin karayar, sai wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin ƙasusuwan biyu, sannan a hankali ya ƙanƙare. Haɗarin yana nan a tsakiya, domin zafi kan lafa tun kafin haɗin ya yi ƙwari. Mutum ya ji sauƙi, ya duba rumbu ya ga hatsi ya ja baya, sai ya ɗaura buhu a kariya ya taka feda. Daga nan ake samun ƙafar da ta haɗe a karkace, ko wadda ta ƙi haɗewa sam.

Wani zai ce ai kwatanta manomin Kusada da zakaran duniya rashin adalci ne. Gaskiya ne aljihunsu ba ɗaya ba, amma ƙashinsu iri ɗaya ne, kuma kuɗi ma ba ya ba da tabbaci. Chris Froome, wanda aka haifa a Kenya kuma ya ci Tour de France sau huɗu, ya daki bango a Yunin 2019 yana ɗan shekara 34, ya karya cinya da ƙugu da gwiwar hannu. Ya samu kulawa irin wadda Bernal ya samu, ya kuma koma tsere, amma bai sake cin gasa ba. Idan mai wannan gata bai iya gaggauta jikinsa ba, wanda ba shi da shi ya fi buƙatar a rage masa dalilin gaggawa.

Wani kuma zai ce masu ɗori sun daɗe suna miƙar da mutane tun kafin a gina Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma ba don jahilci mutane ke zuwa wurinsu ba. Mai ɗori yana kusa, an san gidansu, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, ba ya cewa a kawo kuɗi kafin ya taɓa majinyaci. Ƙaramar karaya da ba ta goce ba takan warke a hannunsa. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi ke gani. Karayar da ta huda fata, da wadda ta shiga gaɓa, da ta cinya ko baya, aikin asibiti ne. Ɗaurin da ya matse kuwa yana iya tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun sha yanke hannu ko ƙafa saboda haka, musamman na yara. Yatsu su yi sanyi, ko su yi baƙi, ko su daina ji, alama ce ta a kwance ɗaurin a nufi asibiti a ranar. Mafi sauƙin sulhu shi ne a fara ɗaukar hoto kafin a zaɓi inda za a kai mutum.

Ko bayan ƙashi ya haɗe da sauran aiki. Naman cinya yana shanyewa cikin 'yan makonni na kwanciya, gwiwa ta sandare, ga kuma fargabar ƙarar mota a baya. Masu gashin ƙashi kan fara da lanƙwasa gaɓa, sai taka ƙasa da sanda, sai tafiya, sai hawan keke ba kaya a fili. Duk wannan ba ya cin kuɗi sosai, abin da yake ci shi ne kwanakin da ba a fita nema. Dubiya kuwa takan yi yawa a makon farko, ta ƙafe a wata na biyu, daidai lokacin da majinyaci ke shawarar komawa kan keke. A nan ne gayyar noma a gonarsa, ko ba shi kwasar adashe kafin layinsa ya zo, ko ɗan'uwa ya riƙa kai masa kaya kasuwa, za su ƙara masa mako huɗu ko shida ɗin da ƙashin ke nema.