Daga Sakkwato Zuwa Kure: Inda Raƙuman Dawa Ke Kiwo a Gonaki

A kudancin Afirka, tafiyar kallon namun daji a mota babbar sana'a ce. Baƙi kan cika babbar mota da tantuna da kayan girki su yi makonni a hanya: daga gandun dajin Etosha na Namibiya su shiga Botsuwana, mai giwaye wajen 130,000, su ɓulle Zimbabuwe ko Zambiya. A 2011 waɗannan ƙasashe huɗu da Angola suka ƙulla yarjejeniyar haɗe gandayensu, domin dabba ta ratsa iyaka lafiya, baƙo kuma ya biyo ta da kuɗinsa.

Basakkwace bai buƙatar jirgi kafin ya ɗanɗana irin wannan tafiya. In ya kama hanyar Illela da sassafe ya tsallaka Birnin Ƙonni, sai ya miƙe yamma ta Dogon Dutsi da Dosso. Kafin ya ci kilomita 500 zai isa Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai. Nan ne matattarar raƙuman dawan Afirka ta Yamma, masu hasken fata fiye da na kudu. A da sun bazu daga Senegal har yankin Tafkin Chadi, amma yau a Nijar kaɗai ake samun su a daji.

Saura ƙiris su ƙare. Farauta, da farin shekarun 1970 da 1980, da saran itacen da ake kai wa Yamai don girki, sun bar guda 49 kacal a 1996. Gwamnatin Nijar ta tsaurara dokar hana kashe su, ƙungiyoyi kuma suka shigo da rijiyoyi da ƙananan rance ga ƙauyukan yankin. Cikin shekara ashirin da 'yan kai adadinsu ya haura 600.

Abin da ya bambanta Kure da gandayen kudu shi ne babu shinge. Raƙuman suna yawo tsakanin gonakin gero, suna miƙa wuya su tsinki ganyen gawo, manomi na noma a gefe. Zaman bai rasa tsami, don sukan afka wa wake da mangwaro. Sai dai samarin yankin sun samu abin yi: su ne 'yan rakiya masu shiga motar baƙo su bi sawu har inda garken yake. A 2018 an kwashi guda 8 a mota zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, domin kada annoba ɗaya ta share su baki ɗaya.

Sai tsaro ya taɓarɓare. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a Kure, ƙafar baƙi ta ɗauke. Gandun W, da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, mai zakuna da giwaye, ya zama maɓoyar masu tayar da ƙayar baya. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya datse hanyar Illela har zuwa Maris 2024. A gida Najeriya ma haka zancen yake: dajin Kuyambana na Zamfara, wanda ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin 1996, an fi jin sunansa a labarin 'yan fashin daji.

Dabbobin suna nan, hanyar ma tana nan. Tsaro ne ya rage. Ya kamata hukumomin Najeriya da Nijar su sa gandayen daji cikin shawarwarinsu na tsaron iyaka, mai niyyar zuwa Kure kuma ya fara tuntuɓar hukumomin tsaro kafin ya ɗaura kaya.