Takardar awo da lafiyar tsohuwar Vespa

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 ya san ƙarar Vespa. Malamin makaranta, da akawu, da ɗan kasuwa mai zuwa Kano, kowa burinsa ya mallake ta. Yau ta zama abin tarihi, amma ba ta ɓace ba. A ƙasashen Turai akwai mutane da yawa masu riƙe da tsofaffin Vespa da Lambretta, suna gyara su, suna hawa. Wata tambaya kuwa ta daɗe tana raba kawunansu: idan an kai tsohon babur wurin awon lafiyar abin hawa, wanda direbobinmu ke ce ma bizit, aka ba shi takarda, shin takardar nan ta isa shaida cewa ba zai yada mai shi bisa hanya ba?

Asalin babur ɗin

A Italiya aka haifi Vespa, shekara ta 1946, a masana'antar Piaggio ta garin Pontedera. Wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne. Ma'anar sunan a harshensu zanzaro, sabili da siririn ƙugu da kukan injin. Shekara guda bayan haka, a 1947, masana'antar Innocenti ta birnin Milan ta fito da Lambretta. Da aka daina ƙera ta a Italiya, gwamnatin Indiya ta sayi kayan masana'antar a 1972, aka ci gaba da aikin a garin Lucknow.

Ƙirar Vespa daban take. Jikinta farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka haɗe, shi ne riga, shi ne kuma ƙashin baya. Injin yana gefe guda, manne da ƙafar baya. Ƙafafun ƙanana ne, inci 8 ko 10. Birki, da giya, da kuloci, duk da waya ake jan su. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa, domin a cikinsu amsar tambayarmu take.

Abin da mai awo ke gani

Mu ɗauki misalin Ingila, inda awon ya daɗe. An kafa shi a 1960, ana kiran shi MOT, da sunan ma'aikatar sufuri ta lokacin. Da farko abin hawan da ya shekara 10 kaɗai ake aunawa, ana duba birki, da fitilu, da sitiyari. Daga 1967 aka mayar da shi shekara 3, sannan kowace shekara. Kuɗin awon babur bai kai fam 30 ba, wato jika ashirin da ƴan kai a kuɗinmu.

Mai awo yana duba fitilu da oda. Yana girgiza kan babur ya ji ko ya yi sako-sako. Yana auna zanen taya: ga babur da injinsa ya wuce cc 50, dole zurfin zanen ya kai milimita 1. Yana auna birki: ƙarfin ɗaya ya kai kashi 30 cikin 100 na nauyin babur da mahayinsa, na biyun kashi 25. Yana kuma leƙa jiki ya ga ko tsatsa ta ci wurin da ke ɗauke da nauyi.

Wannan aiki yana da amfani ƙwarai. Mutum yakan saba da aibin abin hawansa har ya daina ganin shi. Birkin da ke raguwa kaɗan-kaɗan, mai shi ba ya lura, sai dai ya riƙa ƙara matsawa. Baƙon ido shi ke gano irin wannan.

Abin da ke ɓoye

Amma awon yana da iyaka, hukumar Ingila da kanta ta faɗi haka: ba ya duba lafiyar inji, ko kuloci, ko giya. Kuma ba a yarda mai awo ya kwance kome ba. Abin da ido ya gani, hannu ya taɓa, a ranar nan, shi ke nan. To, yawancin cututtukan tsohuwar Vespa a ciki suke.

Na farko, wayoyi. Suna bi ta cikin jikin babur, inda ba a ganin su. Waya takan tsinke zare-zare, ta yi aiki lafiya da safe, ta katse da marece.

Na biyu, tsatsa. Takan fara daga ciki, a ramin tsakiya da ƙarƙashin wurin aje ƙafa. Mai sayarwa marar gaskiya ya shafe ramin da ƙulli, ya fesa fenti, babur ya yi kyan ɗan maciji. Tun da jikin shi ne ƙashin bayan, in ya ruɓe babu abin da ya rage.

Na uku, robar da ke toshe mai a cikin inji. In ta tsufa ta bushe, iska na shiga inda bai kamata ba, injin ya yi zafi fiye da kima, ya cije. In ya cije ana cikin gudu, ƙafar baya ta tsaya cak, mahayin da bai yi saurin kama kuloci ba sai ƙasa. Haka ma in an kuskure haɗin mai. Irin wannan inji da fetur gauraye da man inji yake aiki: kashi 2 cikin 100 ga yawancin samfuran shekarun 1960 zuwa gaba, wato mililita 20 cikin lita guda. Na farko-farko sun fi haka sha.

Na huɗu, taya. Babur ɗin da ba a cika hawa ba, zanen tayarsa ba ya cinyewa, amma robar na ƙeƙashewa. Tun shekara ta 2000 ana buga lambobi huɗu a gefen taya. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Duba wannan lamba aikin mai babur ne.

Ƙasa biyu, hanya biyu

Ranar 20 ga Mayu 2018, Ingila ta ɗauke ma abin hawan da ya wuce shekara 40 wajabcin awo, muddin ba a yi masa babban canji ba cikin shekara 30 da suka wuce. Hujjar gwamnati ita ce masu irin waɗannan suna kula da su, ba su cika hawa ba, kuma awon zamani bai dace da tsohuwar ƙira ba. Sai dai ba a ɗauke alhaki ba. Wanda aka kama da abin hawa mai haɗari, tara na iya kai fam 2,500. Shi ya sa wasu ke ci gaba da kai nasu awo don raɗin kansu.

Faransa kuwa ta bi wata hanya. Bayan shekaru ana ja-in-ja da ƙungiyoyin masu babura, ta wajabta awon babur daga 15 ga Afrilu 2024. Babur na kullum, takardarsa shekara 3 take yi. Wanda aka rubuta cikin kayan tarihi, shekara 5. Na tarihin da ya girmi 1960 an yafe masa.

Ga shi ɗaya ta sassauta, ɗaya ta tsananta, amma a ƙasashen biyu alhakin lafiyar babur yana wuyan mai hawa.

Abin riƙewa

Saboda haka, wanda zai sayi tsohuwar Vespa kada takarda ta rufe masa ido. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya kwantar da babur ya leƙa ƙarƙashi. Ya sa a tayar da injin yana sanyi, ya hau har ya yi zafi, ya saurari yadda yake sauka in an saki mai. Wanda ya riga ya mallaka, ya canza wayoyi tun ba su katse ba, ya buɗe birki ya duba, ya auna mansa da ma'auni, kada ya yi ƙiyasi da ido.

Mai awo yana ganin babur ƙasa da awa guda a shekara. Sauran kwanakin duk na mai shi ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya sani bai toshe ba, damina ba za ta tambaye shi takarda ba.