Gulbin Gada: Abin da ya kamata mutanen Kusa da kewaye su sani

Gulbin Gada daga Jihar Katsina ya taso. Yana ratsa ƙasar Jibiya ya shiga Nijar, inda ake ce masa Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya juyo Najeriya ya haɗe da Kogin Rima a Jihar Sakkwato. Ke nan duk abin da manomin Kusa, a ƙasar Jibiya, ya yi wa bakin gulbin nan, akwai wanda zai gani a gonarsa a tsallaken iyaka. Shi ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suke tarayya a kansa, kuma wannan gulbi yana cikinta.

A kansa aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 142, da niyyar noman rani a hekta 3,500. Babban abokin gabar irin wannan madatsa shi ne yashi. Ƙasar yankin jigawa ce, ba ta da riƙo. Idan aka sare itatuwan gaɓa don itace da gawayi, aka yi noma har bakin ruwa, masu tifa kuma suka kwashe yashin gindin gaɓar, ruwan sama na farko sai ya ɗebe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, ya zuba ta cikin gulbi. Gona ta zaizaye, kwazazzabo ya buɗe baki, madatsa ta riƙa cikewa a hankali. Gulbin da ya cike kuwa ba shi da wurin ajiye ruwa, sai ya nemi hanya ta cikin gari.

Mutanen Jibiya ba sa buƙatar a ba su labarin wannan. Ambaliyar tsakiyar watan Yuli na 2018 ta hallaka mutum fiye da 40 cikin dare, har sai da aka tsinci wasu gawarwakin a cikin Nijar. Ruwan daren ya yi yawa, gaskiya ne, amma gine-gine a kan hanyar ruwa sun ƙara ɓarnar.

Abin mamaki, magani mafi araha yana nan a maƙwabta. Tun cikin shekarun 1980 manoman Maraɗi suka kama abin da suke kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne. Lokacin sharar gona, maimakon a tumɓuke kututturen gawo ko kalgo ko sabara a ƙone, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu gyara duk shekara. Saiwar tana da rai tun da daɗewa, don haka ba ta neman ban ruwa. Ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ma ba ya hana amfanin gona rana, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa.

Gyaran madatsa da yashe magudanan ruwa aikin gwamnati ne, kuma a ci gaba da matsa mata. Sauran kuwa yana hannun masu gona da masu unguwanni da dagatai: a bar tazara tsakanin kunya ta ƙarshe da gaɓa, a hana ɗibar yashi a gindinta, kada kuma a sayar wa kowa fili a kan hanyar ruwa. In gonarka tana bakin gulbi, sharar bana ka bar kututturen nan su tofo.