Gandun inabi tsakanin jaura da rabon gado

A yankin Bourgogne na Faransa, ƙananan gandaye na iyali ke noman inabin Pinot noir, wanda ake matse jar giya da shi. Sanyin ƙasar ke sa ƴaƴan su nuna sannu a hankali, giyar ta yi daraja a kasuwa. Amma sanyin kan juya ya zama abokin gaba: cikin watan Afrilu 2021, jaura ta ƙone tofo, magidanta suka kwana suna kunna kyandir tsakanin kunyoyi. Ga kuma gado: gonar Clos de Vougeot, hekta 50, masu ita kimanin 80. Rabo na ƙanƙancewa, kuɗin fili na hauhawa, magada kuwa na shawara: a riƙe gandun kakanni, ko a saida?