Maganin Ciwon Suga da Ƙoda: Abin da Ya Kamata Mu Kai Gida

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu idan mun je hutu Rabah, Wurno ko Goronyo, mu ake miƙa wa kwalin magani a ce "karanta mana". To, ga abin da ya kamata mu sani.

Ciwon sugan da aka bari ba kulawa shi ne babban mai lalata ƙoda. Metformin, wanda likitoci suka fi rubutawa, ba ya cin ƙoda, amma ta ƙoda yake fita daga jiki. Idan ƙodar ta raunana sai ya taru, jini ya yi tsami, abin ya kai ga rai. Shi ya sa ake dakatar da shi idan gwajin eGFR ya sauka ƙasa da 30. Glibenclamide kuma, ga mai raunin ƙoda, yana iya kayar da suga har mutum ya suma.

Haɗarin yana ƙaruwa idan ruwan jiki ya ƙafe: zafin bazara, aikin fadama, gudawa ko amai. Ga kuma diclofenac da ibuprofen na kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Waɗannan kam kai tsaye suke taɓa ƙoda. Don haka a gwada jini da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, tun kafin a kai ga wankin ƙoda a UDUTH. Kuma fa kada Baba ya daina magani sai likita ya ce.

In cuta ta auku, ina za a dosa? Maganin jabu ko mai illa, NAFDAC. Sakacin likita, MDCN. Mai kemis ko mai harhaɗa magani, PCN. Amma waɗannan hukumomi ladabtarwa suke yi; diyya sai kotu. Can kuma ba a cin nasara da "an ce": sai an nuna an yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo cutar. Marar hali ya nemi ofishin Legal Aid Council.

A adana kwali, rasit, takardar likita da sakamakon gwaji. A kuma hanzarta, domin wa'adin ƙarar jami'in gwamnati yana iya zama wata 3 kacal.

Kar a ce ba a hukunta kowa. Bayan maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe ƙodar jarirai a 2008, kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara 7 a 2013. Hujja ce ta yi aiki.