Na'urar da ke auna sassan inji da taɓawa: abin da ya kamata ka sani

Idan ka taɓa tsayawa a garejin makaniki a Gaya ka ga ya kwance injin babur ko na babbar mota, ya sa sabon fistan ya shige daidai, babu matsi babu lilo, to ka ga aikin wata na'ura da ba lallai ne ka taɓa ganinta da ido ba. An ƙera fistan ɗin a Indiya ko Sin ko Japan, ya biyo tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ya shigo ta Kamba, amma kafin ya baro masana'anta sai da aka auna ire-irensa. Injiniyoyi suna kiran na'urar awon CMM a taƙaice.

Wace irin na'ura ce?

Tebur ne na dutse mai santsi, an kafa masa gada da ke tafiya gaba da baya. A jikin gadar akwai hannu mai zuwa dama da hagu, yana kuma hawa da sauka. A ƙarshen hannun akwai ɗan tsinke, a bakinsa ƴar ƙwallo ta jan yakutu, sau da yawa ba ta kai ƙwayar wake ba. Duk inda ƙwallon ta taɓa jikin ƙarfe, kwamfuta za ta rubuta lambobi uku: nisa, faɗi da tsayi na wannan wurin. Daga taɓawa da yawa sai ta lissafa faɗin rami, ko ta gane ko fuskar ƙarfe ta karkace.

Awonta da mikiron ake yi, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Silin gashin kanka yana kai mikiron 70 ko kusa da haka.

Kamfanin Ferranti ne ya fara yin irin wannan na'ura a Sikotilan a shekarun 1950. Shi kuwa tsinken mai jin taɓawa, David McMurtry ya ƙirƙiro shi a 1972, lokacin da yake aiki a Rolls-Royce yana neman hanyar auna siraran bututun injin jirgin Concorde ba tare da ya lanƙwasa su ba. A 1973 shi da John Deer suka kafa kamfanin Renishaw a Ingila.

Me ake nufi da kai mai juyawa?

Tsinken da ke kallon ƙasa kawai ba zai shiga ramin da aka huda a gefen inji ba. Shi ya sa ake ɗora shi a kan wani kai mai gaɓa biyu, kamar wuyan hannunka. Sanannen cikinsu, PH10 na Renishaw, yana ɗagawa daga digiri 0 zuwa 105, yana kuma kewayawa digiri 180 ta kowane ɓangare. Ba ya tsayawa inda ya ga dama. Taki-taki yake tafiya, kowane taki digiri 7.5, sannan ya kulle. Matsayi 15 na ɗagawa sau 48 na kewayawa, ka ga wurare 720 ke nan da zai iya fuskanta.

In na'ura ce mai kyau, me ya sa sai an daidaita ta?

Tambaya ce da ta dace. Ka tuna da tiyar mai gero a kasuwa. In gindinta ya lotsa, duk buhun da aka auna da ita ya tafi da ragi, ko da mai awon mutumin kirki ne. Ma'auni ma sai an auna shi.

Ga inda matsalar take. Na'urar ba ta san inda gefen ƙwallon yake ba, tsakiyarta kawai take bi, sai ta cire rabin faɗin ƙwallon a lissafi. To amma faɗin da ke rubuce a kwali ba shi ne faɗin da ke aiki ba. A cikin jikin tsinken akwai sanduna uku da suka kwanta a kan ƴan ƙwallaye shida, lantarki na ratsa su. Da an taɓa ƙarfe, ɗaya ta ɗaga, lantarki ya katse, kwamfuta ta rubuta. Kafin sandar ta ɗaga kuwa, tsinken ya riga ya ɗan lanƙwasa, na'urar ta ƙara ƴar tafiya. Saboda haka ƙwallon takan fito a lissafi ƙasa da girmanta na zahiri da ƴan mikiron. Wannan giɓin ake nema a gano, a ba kwamfuta ta riƙe.

Sannan da zarar kan ya juya, ƙwallon ta koma wani wuri dabam. Tsinken da aka kwantar a gicciye nauyinsa yana ɗan rinjayarsa ƙasa, ba kamar wanda ke tsaye ba. Don haka kowace kusurwa da za ka yi aiki da ita tana da tata daidaitawar. Ba sai ka yi duka 720 ba. Waɗanda aikin ke buƙata za ka yi, ko biyar ne ko goma. Amma wadda ka tsallake, kada ka yarda da awonta. A ganina nan ne gaggawa ta fi cutar masu wannan aiki, domin kwamfuta za ta ba ka lambobi tsaf-tsaf, babu abin da zai nuna maka cewa sun kauce.

Yaya ake yin daidaitawar?

Ana ɗaure wata ƙwallo ta musamman a kan teburin, galibi ta farin tangaran mai tauri, faɗinta milimita 25 ko 30, tare da takardar shaida da ta faɗi ainihin girmanta. Ka goge ta, ka goge yakutun, ka tabbatar tsinken a ɗaure yake. Ka shigar wa kwamfuta girman da ke cikin takardar. Sai na'urar ta taɓa ƙwallon a wurare biyar aƙalla, ɗaya a sama, huɗu a kewayen cikinta. Masu neman tabbaci suna ƙarawa har 25. Tunda an san girman ƙwallon, duk bambancin da ya fito na tsinken ne. Kusurwar farko, wadda ke kallon ƙasa, ita ce uwa. Sauran duk da ita ake gwada su.

Da saurin da ka daidaita, da shi za ka yi awo. In ka sauya sauri, lanƙwasar ta sauya. In tsinke ya yi karo da ƙarfe, ko an sauya shi, a sake daga farko. Ka kuma zaɓi tsinke mafi gajarta da zai kai inda kake so, don dogo ya fi lanƙwasa.

Zafinmu da ƙurarmu fa?

Duniya ta amince cewa awon tsayi a masana'anta a kan zafin digiri 20 ake yin sa. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa kusan mikiron 11 ko 12 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da Gaya ke kaiwa digiri 40, wannan ƙarfen ya ƙaru da kusan mikiron 230, kaurin gashi uku ke nan. Alminiyam kuwa ninki biyu yake yi. Dole ɗakin awo ya samu na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, kuma ƙarfen da aka shigo da shi daga rana a bar shi sa'o'i ya huce kafin a taɓa shi.

Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce. Gadar yawancin waɗannan na'urori a kan siririyar iska take shawagi, wadda kwamfaresa ke hurawa, kuma iskar sai ta zama busasshiya mai tsabta. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan yakutu ta isa ta ɓata awo.

Wa abin ya shafa, kuma nawa yake ci?

Ya shafi mai kabu-kabu da ke mamakin yadda wani boris ke shekara wani kuma ya mutu cikin wata guda, duk da ido ba ya bambanta su. Ya shafi ɗalibin makarantar koyon sana'a da ke son aikin masana'anta.

Sabuwar na'ura tana cin dubun-dubatar daloli, manya suna haura dubu ɗari. Bayan saye akwai kuɗin lantarkin da ba ya yankewa, da kwamfaresa, da tsinkayen da ke karyewa, da ƙwararren da yakan zo, galibi shekara-shekara, ya gwada na'urar gaba ɗayanta bisa ƙa'idar ISO 10360. Ita ma ƙwallon tangaran ana mayar da ita ɗakin gwaji lokaci-lokaci a sabunta takardarta.