Yadda ake ƙiyasta simintin shafen bayan gida ba tare da an yi asara ba

A Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure a masarautar Daura, kamar sauran garuruwan bakin iyakar Nijar, bayan damina ne aikin gini ke kankama. Wanda ya tayar da ɗakunan bulo yakan so ya shafe bayansu kafin ruwan baɗi, musamman bangon gabas, wanda hadari ya fi duka. A da, magina kan kare ginin ƙasa da makuba. Yanzu siminti ne, kuma kowane buhu kuɗi ne. Tambayar da ke gaban maigida ita ce: buhu nawa zai saya?

Matakin farko shi ne awon bango. A ɗauki misalin gida mai tsawon mita 12, faɗin mita 9, da tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 42 ke nan, idan aka ninka da tsayi sai a samu murabba'in mita 126. Daga nan sai a cire ƙofofi da tagogi. Ƙofa biyu za su ɗauke kusan murabba'in mita 4, tagogi shida masu mita 1.2 kowane gefe za su ɗauke kusan 9. Saura 113. Idan ginin yana da rawani a samansa, a auna shi daban a ƙara, domin an fi mantawa da shi.

Mataki na biyu shi ne kwaɓi. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu. Idan za a haɗa kashi ɗaya na siminti da kashi biyar na yashi, kowane buhu zai ci kwanon sarki 10 na yashi. A shafe mai kaurin milimita 15, buhu ɗaya yana rufe kusan murabba'in mita 10. Gidan namu zai buƙaci buhu 11 da ɗoriya. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda kwaɓin da ke zubewa ƙasa da wanda ke bushewa a kwano, sai lissafi ya tsaya a buhu 13.

Sai dai wannan adadi ya dogara ne ga awo, kuma babu awon da ba shi da kuskure. Abin lura shi ne kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba. Idan aka yi kuskuren santimita 10 a tsawon kowane bango, bambancin bai wuce murabba'in mita ɗaya da kaɗan ba, abin da ba zai taɓa lissafi ba. Kuskuren santimita 10 a tsayi ya fi haka, domin yana bin kewayen gidan gaba ɗaya: murabba'in mita 4.2, kusan rabin buhu.

Babban kuskure yana cikin kauri, inda tef ɗin awo ba ya kaiwa. Bulon da aka buga da hannu ba ya zuwa daidai wa daida, bango kuma yakan ɗan karkace ko ya yi ciki. Magini zai cike kowane kwari da kwaɓi don fuskar bango ta miƙe. Idan kaurin ya tashi daga milimita 15 zuwa 20, siminti ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Buhu 13 ya koma 17. Milimita biyar kacal, wadda ba ta kai kaurin fensir ba, ta cinye buhu huɗu. A nan ne sau da yawa maigida ke zargin magini da ɓarna ko ha'inci, alhali bangon ne ya sha.

Ana iya gane wannan tun kafin a sayi komai. A ja igiya ta miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, a sama da tsakiya da ƙasa, sannan a auna tazarar da ke tsakaninta da bango a wurare da dama. Idan tazarar kusan ɗaya ce ko'ina, ƙaramin adadi zai isa. Idan tana hawa da sauka, a yi shirin babban. A kuma tsaya a kan ma'auni ɗaya, domin tef yana ɗauke da ƙafa da mita, kuma mita ɗaya ta haura ƙafa uku.

Saboda haka ƙiyasi nagari adadi biyu ne, na ƙasa da na sama. A misalinmu, hikima ita ce a sayi buhu 13, a ajiye kuɗin huɗu a gefe, a fara da bango ɗaya a ƙirga abin da ya ci, sannan a gyara lissafin sauran ukun. Sayen da ya wuce kima asara ne, domin siminti yana daskarewa idan ya sha danshi. Ƙarancinsa ma asara ne: shafen da aka tsayar a tsakiyar bango yakan bar gaɓa, gaɓar kuma ita ke fara tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan sama ma haka. Idan tilas a tsayar da aiki, a tsayar da shi a kusurwa.